Mai Wucewa da Mai Zama: Wa Ke da Hanya?

Hanyar da ta tashi daga Kano ta bi ta Kazaure, ta ratsa ƙasar Yankwashi, ta shiga Daura, ta tuƙe a Kongolam kan iyakar Nijeriya da Nijar, suna biyu gare ta, kuma mai kiran ta da ɗaya ba safai yake tunawa da ɗayan ba. A takardun Ma'aikatar Ayyuka ta Tarayya sunanta A2, wato wani yanki na doguwar hanyar da ta keto ƙasar nan tun daga kudu, ta Lakwaja da Abuja da Kaduna da Zariya. A bakin mutumin Karkarna ko Achilafiya kuwa, sunanta titi kawai. Bakin titi ake zuwa shan shayi, a bakin titi ake tarar baƙo, a tsallaken titi gidan gwaggo yake. A idon injiniyan da ya shimfiɗa taswira a teburinsa, garuruwan nan ɗige-ɗige ne a jikin layi, wuraren da mota ke rage gudu ba da son ranta ba. A idon ɗan gari, layin wani sashe ne na garinsu, kamar kasuwa ko filin idi.

Duk ranar da hukuma ta ɗauki alƙalami ta ce wannan titi na masu wucewa ne, wancan kuma na masu zama, ta yanke hukunci a kan barcin wasu mutane, da cinikinsu, da zumuncinsu, da rayukan 'ya'yansu, ko da kuwa a ganinta lissafin kwalta da siminti take yi. A farkon 2023 aka ƙaddamar da aikin mayar da wannan hanya tagwaye, tsawon kilomita 132 daga Kano zuwa Kongolam, aikin da kamfanin BUA ya ɗauka a ƙarƙashin tsarin nan na gina hanya a madadin biyan haraji. Saboda haka tambayar da ke gabanmu ta wuce ta zauren muhawara: da wane haƙƙi ake ɗora wa mutanen wani wuri nauyin tafiyar da ba tasu ba, kuma a ina wannan haƙƙi ya tsaya?

Kafin a kai ga haƙƙi, ya kamata a san wanda ke riƙe da alƙalamin. A ƙasashe da yawa hukumar gari ce ke zama ta ware titunan da za su ɗauki masu wucewa. A nan ba haka abin yake ba. Tun zamanin Turawa aka kasa hanyoyi rukuni-rukuni, kuma har yau rabon yana nan: rukunin A na gwamnatin tarayya, B na jiha, C na ƙaramar hukuma. Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya bar wa Majalisar Tarayya ikon ayyana hanyar da za ta zama ta tarayya, sannan a jadawali na huɗu ya lissafa wa ƙananan hukumomi nasu kason: gina ƙananan tituna da gyara su, fitilu, magudanan ruwa, raɗa wa tituna suna, sanya wa gidaje lamba, kula da kasuwanni da tashoshin mota. Ke nan majalisar ƙaramar hukumar Yankwashi, wadda aka kafa a 1996 da hedkwata a Karkarna, tana iya raɗa wa kowane lungu suna, amma titi mafi girma da ya ratsa ƙasarta ba ta da ikon ƙara masa ko taku ɗaya ko rage masa. Hurumin hanyar tarayya ya kai mita 45.72 daga tsakiyar titi zuwa kowane gefe. In aka haɗa gefen biyu an haura mita 90, kusan tsawon filin ƙwallo, kuma wannan faɗi yana bin hanyar duk inda ta shiga, ko dawa ko tsakiyar gari.

Yana da sauƙi ɗan gari ya ji wannan ya ce zalunci ne tsagwaronsa. Ni ban ga haka ba, domin hujjar mai wucewa hujja ce mai ƙarfi, kuma duk wanda ya raina ta bai yi wa batun adalci ba. Babu wanda aka haifa mai zama har abada. Mutumin Karkarna da ke tsine wa tirelar da ta hana shi barci, shi ne gobe a cikin motar haya yana ƙorafin direba ya cika rage gudu a garuruwan da ke tsakanin Kazaure da Kano. Matar da naƙuda ta zo wa da gardama a wani ƙauyen Gwiwa, aka ce sai Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, mai wucewa ce a kowane gari da motarsu ta ratsa, kuma kowane minti da aka ɓata mata a hanya daga ranta aka cire shi. Tumatir da ya kwana a hanya ya tashi daga kaya ya koma asara. Mun kuma ga abin da ke faruwa idan masu wucewa suka ɗauke ƙafa. Da aka rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da kuma bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, mai shayi da mai faci da mai tuwo-tuwo na bakin hanyar iyaka ba su yi murnar samun shiru ba. Shirun nan yunwa ce a wurinsu.

Haka kuma ware wasu tituna domin masu wucewa yana da hikimar da ba a musunta ta. In ba a nuna wa babbar mota hanyarta ba, kowane lungu ya zama hanyarta. A 1963 wani masanin tsara birane na Ingila, Colin Buchanan, ya jagoranci rubuta wa gwamnatin ƙasarsa rahoto a kan motoci a cikin gari, inda ya kwatanta gari da babban gini mai ɗakuna da barandu: baranda ta zirga-zirga ce, ɗaki na zama ne, kuma ba a yarda mai wucewa ya mayar da ɗakin mutane hanyarsa ba. Bahaushe ba ya buƙatar a fassara masa wannan. Gidanmu na gargajiya a kan wannan tunani aka gina shi: akwai ƙofar gida, akwai zaure, akwai shigifa, akwai cikin gida, kuma kowane baƙo ya san inda ƙafarsa za ta tsaya. Matsalar ita ce a garuruwa irin namu barandar da ɗakin wuri guda ne. Titin da taswira ta kira baranda, shi ne zauren gari.

A nan ne lissafin da ake yi wa hanyoyi ya fara ɗingishi. Idan za a tantance ko aikin hanya ya cancanci kuɗinsa, akan ƙirga motocin da za su bi ta, a ƙirga mintunan da kowace za ta rage, a mayar da mintunan naira, a tara. Wannan jikan tunanin Jeremy Bentham ne, masanin falsafar Ingila da ya ga cewa aikin da ya fi dacewa shi ne wanda ya fi jawo amfani ga mafi yawan mutane. Tunani ne mai kyawun fuska, kuma ya fi son zuciyar mai mulki nesa ba kusa ba. Amma mu ɗan yi lissafin da kanmu. A ce tsawon gari a jikin titi kilomita 2 ne. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa za ta ratsa shi cikin daƙiƙa 72. Wadda ta sauko zuwa 40 za ta ci minti 3. Bambancin bai kai minti 2 ba. Ko da garuruwa goma ne a kan hanyar matafiyi, abin da ya rasa minti 18 ne, bai kai zaman da yake yi a tasha yana jiran mota ta cika ba. A ɗaya hannun kuma, motar da ke gudun 100 tana cinye kusan mita 28 a kowace daƙiƙa, wato kafin ƙafar direba ta tashi daga totur ta sauka a birki ya riga ya wuce gida biyu. In gudu ya ninka sau biyu, ƙarfin bugu sau huɗu yake ninkawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana nuna cewa mai tafiya a ƙasa da mota ta buge a gudun kilomita 30, kusan tara cikin goma yana tashi, amma da gudun ya doshi 50 sai damar ta faɗi warwas. Rahotonta na 2023 ya ce mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a hanya kowace shekara, fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da babur, kuma in aka auna da yawan jama'a Afirka ce kan gaba.

To, minti biyu-biyu na mutum dubu nawa za a tara su kai nauyin yaro ɗaya da aka aika sayen magi a tsallaken titi? Mai lissafi zai ce akwai adadin da in an kai shi, sikeli ya rinjaya. Ni ina ganin sikelin ne bai dace da kayan ba. Minti biyun nan babu wanda ya riƙe su dunƙule a hannunsa. Kowane matafiyi nasa biyun kawai ya sani, kuma da za a tambaye shi ko ya yarda ya bayar da su domin kada a taka ɗan wani, da wuya a sami wanda zai ƙi. A takarda kaɗai suke taruwa su zama dutse. Rashin ɗa kuwa a gida ɗaya yake sauka, gaba ɗayansa, a kan uwa ɗaya. Ana tara gero tiya-tiya ya zama buhu domin duk gero ne, amma jinkiri da mutuwa ba jinsi ɗaya ba ne. A 1997 majalisar dokokin ƙasar Suwidin ta amince da wata manufa da ta tsaya a kan wannan gaɓa, cewa ba a musayar rai da saurin tafiya, kuma wanda ya zana hanya yana da kaso a alhakin abin da ya faru a kanta, domin ya san ɗan Adam mai kuskure ne tun kafin ya zana. A wurinmu, da zarar an yi haɗari sai a ce ganganci ne na direba, ko a ce kwana ya ƙare. Duka biyun na iya zama gaskiya, amma ba su wanke wanda ya shimfiɗa titin gudu a ƙofar makarantar firamare ba.

Akwai kuma asarar da ba ta zubar da jini, shi ya sa ba ta shiga rahoton hukumar kiyaye haɗurra. Wani malamin tsara birane, Donald Appleyard, ya yi nazarin tituna uku masu kama da juna a birnin San Faransisko na Amurka, ya wallafa sakamakon a littafinsa na 1981. A titin da motoci kimanin 2,000 ke bi a rana, kowane mazauni yana da abokai kusan uku a layinsu. A wanda motoci kimanin 16,000 ke bi, abokan ba su kai ɗaya ba. Kakanninmu sun riga shi da kalmomi huɗu: zumunta a ƙafa take. Abin da ya tare ƙafa ya tare zumunta. A duba abin da tagwayen hanya ke zuwa da shi: layi huɗu, da katangar kankare a tsakiya, da kwata mai zurfi a gefe, da wurin juyawa da ba ya zuwa sai an yi tafiya. Ga mai mota wannan tsaro ne, domin yana hana karo gaba da gaba, kuma ba ƙaramin alheri ba ne. Ga garin da masallacin Juma'arsa ke gabas da titi, maƙabartarsa ke yamma, famfon burtsatse a nan, makarantar allo a can, katangar nan ganuwa ce da aka gina ta tsakiyar gari maimakon bayansa. Saurayi zai ɗare ta ya dire. Tsohuwa mai sanda ba za ta iya ba, haka mai ciki, haka masu ɗauke da makara, haka manomin da amalankensa ke gida gonarsa ke tsallake. A hankali gaisuwar safe ta koma ta sati, ta sati ta koma ta sallah, a wayi gari ana cewa 'yan tsallake kamar wasu mutanen wata ƙasa.

Abin mamaki shi ne wannan tambaya ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa, kuma amsar da magabata suka ba ta ta fi ta yau zurfi. Tun kafin kwalta muna da hanyar da aka ware musamman domin masu wucewa, ita ce burtali. Manoma su ja da baya su bar fili a tsakanin gonakinsu, su kafa shingen aguwa ko bini-da-zugu, domin shanun da ba nasu ba, masu zuwa inda ba su sani ba, su sami wurin bi. Babu wanda ya biya su diyya. Amma wucewar tana da sharaɗi. Makiyayi yana gaba ko yana baya da sandarsa, alhakin kowace saniya a wuyansa yake, in ta ƙetare shinge ta yi ɓarna a je gaban mai gari da arɗo a kimanta a biya. Bayan an kawar da amfanin gona kuma shanun su shiga su ci kara su bar taki. Kowane ɓangare ya san abin da ya bayar da abin da yake bin ɗan'uwansa. Ba na cewa zaman ya kasance lami lafiya kullum. Rigingimun da muke gani yau, inda manomi ya cinye burtali da garma ko makiyayi ya saki dabba cikin dare, sun isa shaida cewa yarjejeniyar tana karyewa. Amma karyewarta ma tana nuna akwai ta. Ana iya nuna wanda ya saɓa, domin an san abin da aka yi alkawari.

Haka fatake. Ayarin da ya nufi Gwanja neman goro ba ya kutsawa tsakiyar gari da jakunansa. A zango yake sauka, a gefen gari, madugu ya aika gaisuwa, ya biya abin da ake biya, matan gari su kai fura da tuwo su sayar. Sunayen Zangon Daura da Zangon Kataf suna nan suna tuna mana. Baƙo raɓa ne, in ji Hausawa, kuma raɓa tana jiƙa ƙasa ba ta kwashe ta.

Malaman fiƙihun Malikiyya, wanda shi alƙalan ƙasar nan suka yi hukunci da shi ƙarni da ƙarni, sun tsara batun dalla-dalla. Sun raba hanya biyu, mai ɓullewa da marar ɓullewa. Lungun da ba ya ɓullewa na mazaunansa ne, ba a buɗe sabuwar ƙofa a cikinsa sai da yardarsu. Hanya mai ɓullewa kuwa ta jama'a ce baki ɗaya, har da wanda bai taɓa taka garin ba, kuma ba wanda ya isa ya ci daga jikinta ya ƙuntata wa masu bi. Wani magini na birnin Tunis a ƙarni na 14, Ibn al-Rami, ya tattara irin waɗannan hukunce-hukunce a littafi guda, daga abin da ya gani yana yi wa alƙalai aikin duba gine-gine. Har ila yau sun bar wa mai gida amfanin ɗan filin da ke jikin bangonsa, ya zauna, ya ɗaure dabbarsa, muddin bai cutar da mai wucewa ba. Dakalin ƙofar gida ke nan da muka sani. Sannan suka ɗaure mai wucewar shi ma. Risala, wadda har yau ake karantawa a zaurukanmu, ta ɗora lamunin abin da dabba ta taka a kan mahayinta, ko mai jan ta, ko mai kora ta. Ƙa'idar da ke ƙarƙashin wannan duka ita ce bin hanyar jama'a halal ne bisa sharaɗin kada a cutar. Wato abin da aka ba matafiyi shi ne ya wuce. Babu inda aka ba shi ya wuce da kowane irin gudu ya ga dama, kuma babu inda aka ce wa mai zama ya tattara ya ba da wuri kamar ba shi da rabo a hanyar.

Wannan bambanci tsakanin wucewa da gudu shi ne ya ɓace mana. Da aka ce titi na masu wucewa ne, sai aka fahimci cewa na masu sauri ne, har ya zama wanda ke tsallaka titin garinsu shi ne mai laifi, shi ake yi wa ham, shi ake zagi ta taga. Ƙa'idar da ta rage a kan kwalta ita ce ta kashin dankali: tanka ta danne bas, bas ta danne ɗan acaɓa, ɗan acaɓa ya danne mai ƙafa.

Sai a ce, to a kewaye garin mana, kowa ya huta. Hanyar kewaye, wadda jama'a ke kira baifas, magani ce, amma tarihinta a Arewa ya kamata ya sa mu yi hattara. Titin Nnamdi Azikiwe na Kaduna an yi shi ne domin manyan motoci su zagaye gari ta yamma. Yau Kabala da Bakin Ruwa da Kurmin Mashi sun rungume shi hagu da dama, tirela da ɗan makaranta suna goga kafaɗa, ta gabas da aka fara domin ta karɓe shi kuma an shafe sama da shekara ashirin ana aikinta. Ta gabashin Kano, daga Na'ibawa zuwa Hotoro, ita ma gari ya cim mata ya wuce. Dalili a bayyane yake: inda mota take nan ciniki yake. Da an zuba kwalta sai gidan mai ya zo, sai mai faci, sai mai shayi, sai masallaci, sai fuloti. Gari yana bin hanya kamar yadda ƙuda ke bin mai rake. Wasu garuruwan bakin titi ma ba titin ne ya tarar da su ba, su ne suka taso daga tsohon mazauninsu suka tare a jikinsa. Mutanen Roni da Gwiwa, waɗanda babbar hanyar ba ta bi ta ƙofarsu ba, da za a ce musu ga ta nan tafe, da kiɗa za su tare ta.

Saboda haka mai zama shi ma ba a wanke yake ba, kuma rashin gaskiya ne a zana shi a matsayin wanda ake zalunta kawai. Mai baza tabarmar tumatir a kan kwalta ranar kasuwa, da direban da ke lodi a tsakiyar titi alhali ga tasha, da mai shagon da ya turo rumfarsa cikin hurumin hanya, duk sun yi abin da manomin da ya cinye burtali ya yi. Haka matasan da, bayan mota ta kashe musu ɗan'uwa, suke fitowa cikin dare su gina tudu a kan titi kamar kunyar dankali, ba fenti ba alama. Ɓacin ransu abin fahimta ne, kuma sau da yawa sun yi ta kai kuka ba a saurare su ba. Amma tudun nan ba ya tantance direban da ya yi kisa; mai babur da ya ɗauko matarsa daga asibiti shi zai ci da baki. Hadisi ya zo cewa da aka hana sahabbai zama a bakin hanya suka ce ba su da makawa, sai aka bar su bisa sharaɗin su ba hanya haƙƙinta, kuma daga cikin haƙƙin akwai kame cuta. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski: garin da ke cin arzikin hanya akwai abin da hanya ke bin sa.

Inda na ga rinjayen ya karkata ƙwarai shi ne wajen murya da wajen diyya. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ba gwamna ikon karɓe fili saboda maslahar jama'a, ta kuma ce a biya diyyar abin da aka gina ko aka shuka a kai. Wanda aka shafa wa gidansa jan fenti, komai ƙanƙantar abin da ya samu, an dai san da shi, sunansa yana cikin takarda. Maƙwabcinsa na baya fa, wanda jiya gidansa ke layi na biyu, yau ya buɗe ƙofa ya ga tirela? Ba a taɓa masa ko tubali ɗaya ba, don haka a idon doka bai yi asarar komai ba, alhali shi ne zai rayu da hanyar shekara talatin masu zuwa, shi zai riƙa riƙe hannun jikokinsa. Ana biyan wanda ya tashi, ana mantawa da wanda ya zauna. Wannan mutum kuɗi ba su ne bukatarsa ba; bashin da yake bi a jikin ginin hanyar za a biya shi, wato a wurin tsallakawa, da fitila, da ƙaramin titin gefe, da gudun da aka ƙayyade.

Batun murya kuwa, Kano ta ba da darasi a ƙarshen Nuwamban 2022, lokacin da gwamnatin jihar ta sanar da hana A Daidaita Sahu bin wasu manyan tituna, ciki har da hanyar Gwarzo daga Tal'udu. A takarda tsarin yana da ma'ana: manyan tituna na manyan motocin haya, ƙanana na ƙananan ababen hawa. Ba a je ko'ina ba aka janye shi, saboda mutanen da za su taka da ƙafa ba a tambaye su ba, kuma motocin da aka ce za su maye gurbi ba su wadata ba. Mutanen birni suna da yawa, suna da gidajen rediyo, kukansu yana isa fada da wuri. Ƙauyen da ke bakin A2 ba shi da wannan gata. John Rawls, a littafinsa na 1971 a kan adalci, ya ba da shawarar a tsara dokokin zama kamar mai tsarawa bai san matsayin da zai faɗa ba. Yaran gidanmu sun san dabarar ba tare da sun ji sunansa ba: wanda ya raba nama shi ke ɗauka a ƙarshe. Da mai zana hanya bai san ko shi ne zai zauna a bayan sitiyari ko shi ne gidansa zai buɗe a kan kwalta ba, da wuya ya zana titin gudun 100 ta tsakiyar kasuwa, da wuya kuma ya yarda a jera masa tudu ashirin a gari ɗaya. Zai nemi hanyar da ke sakin jiki a dawa, ta kama kanta in ta shigo gari, kuma siffarta ce za ta tilasta hakan: ta ɗan tsuke, ta sami shataletale a mashiga da mafita, direba ya ji a jikinsa cewa ya shigo gidan mutane. Allon da aka rubuta lamba a kai ba ya rage gudun kowa a titin da aka shimfiɗa shi miƙe kamar filin jirgi.

Ƙaramar hukuma ba ta da iko a kan kwaltar tarayya, amma hannunta ba a ɗaure yake gaba ɗaya ba. Kasuwa tata ce, tasha tata ce, ƙananan tituna nata ne. Tana iya janye kasuwa daga kafaɗar titi ta buɗe mata ƙofa ta baya, ta keɓe wa manyan motoci wurin kwana a bakin gari, zangon wannan zamani, ta kuma daina yanka fuloti a jikin duk wata hanyar kewaye da za a yi nan gaba. Tana iya tara dagatai da masu unguwanni da shugabannin makarantu da 'yan ƙungiyar direbobi, a zauna a lissafa wuraren da mutane da dabbobi suke tsallakawa tun fil azal, a miƙa wa masu aikin tun zanen yana takarda. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Injiniya zai iya kawo gadar sama ta masu ƙafa ya ga ya gama, amma saniya ba ta hawa matakala, amalanke ma haka, kuma inda burtali ya gamu da tagwayen hanya sai an yi masa mashiga ta ƙasa ko buɗaɗɗen wuri mai alama. Inda aka rufe ba a bar irin wannan ba, abin da ke biyo baya sananne ne a manyan hanyoyinmu: wata rana da safe a tarar an fasa kankaren tsakiya da guduma, daidai inda tsohuwar turbar ƙafa take, ko da kuwa wurin kwana ne da direba ba ya hango gabansa.